Kafin ka buga leda da kwali, ka tabbatar sunan kayan naka ba na wani ba ne

Jama'a abu na farko da nake so ya zauna a kan kowa shi ne takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ba ita ce ke ba ka mallakar sunan kaya ba. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar sun yi rajistar suna a CAC an ba su satifiket shikenan sunan ya zama nasu duk faɗin Najeriya, ko a kwalbar turare ko a buhun shinkafa ba wanda ya isa ya taɓa, alhali ba haka abin yake ba ko kaɗan. CAC sunan kamfani ko sunan kasuwanci take yi wa rajista, wato sunan da za ka buɗe asusun banki da shi ka sa hannu a kwangila. Shi kuma sunan da ke jikin kaya da tambarinsa, wanda 'yan boko ke cewa tiredmak, wato alamar kasuwanci, ofishinsa daban ne, yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, dokarsa ma daban ce, tun ta shekarar 1965. Don haka ana iya ba ka suna a CAC lafiya lau, ka je ka buga sitika dubu goma, sai ga wasiƙar lauya ta iso daga wani kamfani a Legas da ya riga ka yin rajistar sunan a matsayin alamar kasuwanci tun kana firamare.

Toh ga yadda ake bi, kuma dan Allah a yi wannan kafin a kai wa mai zane aiki, kafin a biya kuɗin silindar buga leda, don ita silinda in an sassaƙa suna a jikinta an gama, ba a gogewa, sabuwa za ka sake biya.

Ka fara da zama da takarda ka rubuta sunaye kamar biyar ko shida, kar ka maƙale wa guda ɗaya don kawai sunan 'yarka ce ko ka yi mafarkinsa. Sai ka yi wa kowanne tambaya ɗaya tun kafin maganar ko wani ya riga ka: shin wannan suna yana bambanta kayana da na sauran mutane, ko kuwa kawai yana faɗin abin da ke cikin robar ne? Nan ne yawancinmu muke faɗuwa wallahi. Hajiya tana haɗa yajin daddawa mai kyau, sai ta sa masa suna "Yaji Mai Daɗi", wani yana sayar da zuma ya sa "Zuma Zalla", wani "Tsaftataccen Ruwa". Duk waɗannan bayani ne, ba suna ba ne, kuma doka ba za ta ba mutum ɗaya ikon hana duk masu yaji a ƙasar nan cewa yajinsu mai daɗi ne ba. Ko ka kai Abuja mai duba takardu zai iya ƙin karɓa, in ma an karɓa saboda zanen da ke kewaye da shi, to za a ce ka amince cewa kalmomin su kansu ba naka ba ne kai kaɗai, kaga kenan gobe maƙwabcinka ya buga irinsa da wani zanen ba abin da za ka iya.

Dokar ta lissafa irin abin da take ɗauka a matsayin suna mai bambantawa. Akwai kalmar da kai ka ƙirƙire ta, babu ita a ƙamus, irin Kodak, wannan ita ce ta fi ƙarfi duk da cewa sai ka sha wahalar talla kafin ta zauna a bakin mutane. Akwai kalmar da kowa ya sani amma ba ruwanta da kayan, kamar yadda Apple tuffa ce amma waya da kwamfuta suke sayarwa, ko a ce ka sa wa sabulu sunan wata dabba ko tsuntsu, wannan ma yana da ƙarfi kuma ni a ganina shi ya fi dacewa da kasuwarmu don yana zuwa da hotonsa. Akwai kuma sa hannun mai kayan, ko sunan kamfani da aka rubuta shi da wani salo na musamman. Abin da dokar ta ware a fili ta ce bai isa shi kaɗai ba shi ne kalmar da ke nuna irin kayan ko ingancinsa kai tsaye, da sunan gari ko yanki, da sunan iyali. "Kilishin Kano" ko "Shinkafar Kebbi" ba za su zama mallakin mutum ɗaya ba, duk ɗan Kano mai kilishi yana da haƙƙin faɗin daga inda kayansa ya fito. Wani zai ce to ai Dangote sunan iyali ne. Haka ne, amma shekara da shekaru aka yi ana sayar da siminti da sukari da gishiri da sunan har ya zama in an faɗe shi kamfani ɗaya ne ke zuwa wa mutum a rai, doka kuma ta yarda da irin wannan in ka kawo hujjar dogon amfani, kai kuma da za ka fara wata mai zuwa ba ka da wannan hujjar tukuna.

Sai kuma sunayen nan da muke so ƙwarai, Alheri, Albarka, Nasara, Rahama, Ni'ima, Sauƙi. Masu kyau ne, addu'a ce, ba wanda ya ce a'a. Amma ka zaga unguwarku kawai ka ƙirga shago nawa ne Alheri, daga kemis zuwa gidan burodi zuwa mai cajin waya zuwa makarantar Islamiyya. Sunan da mutum ɗari suke amfani da shi ko an yi maka rajistarsa ƙarfinsa kaɗan ne, kuma akwai yiwuwar wani ya riga ka a rukunin kayan da kake so. In lallai ranka na son kalmar to ka haɗa ta da wani abu da ba kowa zai yi tunaninsa ba.

Akwai waɗanda ma ba a karɓarsu gaba ɗaya. Tutar ƙasa, tambarin Najeriya mai dawakai da mikiya, alamar Red Cross, abin batsa ko abin da zai tayar da hankalin jama'a, da duk sunan da zai yaudari mai saye. Wannan na ƙarshen a kula da shi sosai masu turaren wuta da humra, in a kicin ɗinki a Maiduguri ko Kano kika haɗa shi kar ki rubuta masa sunan da zai sa a ɗauka daga Dubai ko Makka aka shigo da shi, haka mai fiya wata da zai rubuta Zamzam a ledar ruwan rijiyar burtsatse. Banda matsalar rajista ma ai ha'inci ne.

In ka tace sunayen ya rage maka biyu ko uku masu ƙarfi, sai bincike na kyauta wanda za ka yi da wayarka kana kwance. Ka buga sunan a Google, a Facebook, Instagram, TikTok, da Jumia da Jiji, kuma kar ka tsaya kan rubutu ɗaya, Hausa a intanet kowa da yadda yake rubuta ta, wani ya sa ƙ wani k wani q, wani "ou" irin na Nijar wani "u", wani ya ninka harafi wani ya haɗe kalma biyu. Duk ka gwada. Ka shiga shafin CAC akwai wurin binciken sunaye kyauta, ka ga ko akwai kamfani mai irin sunan da kuma sana'ar da yake yi. In abinci ne ko magani ko kayan shafa ka duba jerin kayan da NAFDAC ta yi wa rajista. Hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da rumbun alamomin kasuwanci na ƙasashe da dama da ake dubawa kyauta, zai nuna maka in wani babban kamfanin waje yana da sunan, amma fa kar ka ce don ba ka gani a can ba shikenan babu a Najeriya, rajistar Abuja ita ce mai magana ta ƙarshe. Ka kuma duba ko sunan yana nan a matsayin adireshin intanet mai .ng ko .com.ng da kuma sunan shafi a soshiyal midiya, in suna nan ka kama su a ranar, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Daga nan sai ka sa takalmi ka shiga kasuwa, kuma wannan shi ne matakin da lauyoyi ba su cika faɗa maka ba amma ni na fi ba shi muhimmanci. In kayan masarufi ne ka shiga Singa, in atamfa ce ko shadda ko leshi Kantin Kwari, in hatsi ne Dawanau, in kana Kaduna ko Sakkwato ko Jos ka je babbar kasuwar garin wajen 'yan sari. Ka tsaya gaban mai shago ka ce "Alhaji akwai kaza?" ka faɗi sunan da kake shirin sawa kamar kai mai saye ne, sai ka zuba ido ka ga me hannunsa zai ɗauko. In ya ce babu, bai ma taɓa ji ba, madalla. In kuwa ya juya ya miƙo maka kayan wani kamfani yana cewa "wannan kake nufi ko", to ka samu amsa tun ba ka kashe ko sisi ba. Amfanin wannan shi ne akwai masu kaya da yawa da ba su taɓa yin rajista a ko'ina ba, ba za ka gan su a kwamfutar kowa ba, amma sun shekara goma suna sayarwa da sunan, kuma doka ba ta yar da su ba, wanda ya riga ka amfani da suna rajistarka ba za ta hana shi ci gaba ba, shi ma kuma yana iya kai ka kotu ya ce kana sayar da kayanka da rigar nasa.

Kuma kamanni ba sai harafi da harafi sun zama ɗaya ba, kunne ake dubawa da ido. A 1968 Kotun Ƙoli ta duba rikicin wasu magunguna biyu, Castoria da Casorina, ta ce sun yi kama da har mai saye zai rikice. A 1961 an yi shari'ar Niger Chemists da Nigeria Chemists, dukkansu masu sayar da magani a Onica, kotu ta hana na biyun amfani da sunan. Don haka dabarar nan ta "bari in canza harafi ɗaya" ba ta fitar da kowa, tsohuwar dabara ce alƙalai sun san ta tun kafin a haife mu.

Maganar hoto kuwa ta fi shafar mu fiye da kowa, domin mai sayenmu sau da yawa ba karanta sunan yake ba, yaro za a aika a ce ya sayo magi mai tauraro, ko a ce mai zakara, mai giwa, mai jan kwali, abin da ido ya gani shi ne sunan kayan a bakin mutane ko da me ka rubuta da turanci a sama. Tun zamanin Turawa an yi shari'a kan sigari biyu, Bandmaster da Barrister, sunaye daban amma kowanne da hoton Bature cikin kayan aiki a jikin kwalin, kotu ta ce masu saye za su iya ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya. A Kano ma a 1972 kamfanin alawar Trebor ya yi ƙarar wani kamfani kan takardar naɗe alawa da ta yi kama da tasa duk da sunan ba ɗaya ba ne, kuma kotu ta ba shi gaskiya. To in za ka zagaya kasuwa ka tafi da zanen tambarin a waya ka nuna wa 'yan sari biyu uku ka ce in wannan ya fito me mutane za su riƙa ce masa, in suka ce "mai zaki" alhali akwai wani mai zakin a layin da ya daɗe, ka canza dabba. Amma kar kuma ka zaci kowane launi naka ne, a 2004 kamfanin Ferodo mai birkin mota ya sha kaye a Kotun Ƙoli a ƙarar da ya kai kamfanin Ibeto kan launukan kwali, kotu ta ce sunan Ferodo shi ne alamarsa, adon kwalin bai kai ya zama nasa shi kaɗai ba. Gyaran doka da aka sa wa hannu a 2023 ya faɗaɗa ma'anar alamar kasuwanci ta haɗa da siffar kaya da marufi da haɗin launuka, har da ayyukan hidima, to in kwalinka na da wani salo na daban ka gaya wa lauya ya shigar da shi cikin abin da za a nema.

Shi mai zanen ma a yi magana da shi. Da yawa hoto suke saukowa da shi daga intanet su canza launi su miƙo maka, irin hoton da mutum dubu suka riga suka sauke. Ka ce ya zana maka naka, kuma ku rubuta a takarda cewa ya sallama maka haƙƙin zanen bayan ka biya, ko da ƙaninka ne.

Yanzu sai bincike na hukuma. Kafin nan dole ka san rukunin kayanka, domin ba a yin rajistar suna a kan komai da komai, an kasa kaya da ayyuka gida 45 bisa tsarin da ake kira Nice wanda duniya ke bi, 1 zuwa 34 kaya ne, 35 zuwa 45 ayyuka. Turare da sabulu da man shafawa suna 3, magani 5, yadi 24, tufafi da takalma da huluna 25, nama da madara da yogot da man girki 29 kenan kilishi da man gyaɗa suna nan, shinkafa da fulawa da yaji da shayi da burodi da zuma 30, ruwa da lemo irin su zoɓo na kwalba 32, harkar shago da talla 35, gidan abinci da otal 43. A Najeriya kowane rukuni da takardar nemansa da kuɗinsa, in kana yin yogot kuma kana yin zoɓo to biyu za ka nema. Wannan ne ya sa za ka ga suna ɗaya a jikin siminti da kuma jikin biskit na mutane daban ba rigima, amma in sunan wani shahararren kamfani ne kar ka ce ai ni rukunina daban, suna da lauyoyin da aikinsu kenan kuma kai ba ka da kuɗin jan shari'a a Babbar Kotun Tarayya, can ake kai irin wannan ƙarar.

Binciken ana yinsa ne a rajistar ta Abuja, yawanci ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi. Ka faɗa masa abu uku a fili: a bincika kalmar da duk masu kama da ita a furuci, a bincika tambarin shi ma daban, sannan a duba har da waɗanda suka nema ba a kai ga ba su satifiket ba, don wanda ya riga ka shigar da takarda yana gabanka a layi ko da jiya ya shigar. Ka ce a duba rukunin da ke maƙwabtaka da naka, mai 29 ya leƙa 30 da 32. Kuma ka karɓi sakamakon a rubuce, kar ka yarda da "Alhaji an duba ba matsala" ta waya. Kuɗin hukuma daban kuɗin aikin lauya daban, ka ce a rarrabe maka su kuma a ba ka rasit, farashin yana canzawa don haka ka tambayi mutum biyu uku kafin ka biya.

In sakamako ya fito fes kar ka tsaya jiran sai kasuwa ta buɗe, ka shigar da takarda a satin, domin in an kammala rajistar daga ranar da ka nema take fara ƙirgawa. Kuma ka buɗe ido ka ga sunan wa aka rubuta a matsayin mai alamar, naka ne ko na kamfaninka, ba na wakili ba, ba na dilan da ke rarraba maka kaya ba, in kuma haɗin gwiwa kuke yi da aboki ko ɗan'uwa to ku sa sunan kamfanin ku rubuta yarjejeniya tun ana dariya. Da farko za a ba ka takardar shaidar an karɓi buƙatarka, wannan ba ta nufin an amince. Sai su duba, in ba su ga matsala ba su ba ka takardar amincewa, ita ce wadda NAFDAC ke neman gani a matsayin shaidar sunan kafin ta yi wa kayanka rajista, shi ya sa masu abinci da kayan shafa da suka bar wannan sai ƙarshe suke maƙalewa. Bayan nan a buga alamar a mujallar ofishin, a ba duk mai ƙorafi wata biyu ya fito ya ce bai yarda ba, in ba wanda ya fito sai ka biya a ba ka satifiket. Fitowar mujallar ce ke cin lokaci, ana iya haura shekara ana jira, sai haƙuri. A tsakanin nan kana iya sa ƴar alamar ™ a gefen sunan, amma ® mai da'ira sai satifiket ya zo hannu, sa ta kafin nan laifi ne a doka. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan duk bayan shekara 14 ake sabuntawa, in kuma ka ajiye sunan shekara 5 ba ka sayar da komai da shi ba wani na iya neman a soke shi.

To in bincike ya nuna wani ya riga ka fa? Ka duba ko rajistarsa tana raye ko ta mutu ba a sabunta ba, ka duba ko rukuninku ɗaya. Wani lokaci ana iya zama da mai sunan ya sayar maka ko ya rubuta maka takardar yarda, amma gaskiya ga mai farawa abin da ya fi arha shi ne ka koma kan suna na biyu a takardarka, dalilin rubuta biyar tun farko kenan.

Masu kai kaya Maraɗi da Damagaram da Yamai, ko Garwa da Njamena, ku sani satifiket ɗin Abuja a bakin boda yake tsayawa. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar rajistar alamomin kasuwanci ta OAPI mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya a can tana rufe dukkan ƙasashen kuma shekara 10 take yi kafin sabuntawa, Najeriya ba ta ciki, Ghana ma ba ta ciki tata rajistar daban ce. Haka ɗan Nijar da kayansa suka fara karɓuwa a Kano ko Katsina sai ya zo Abuja ya yi tasa, in ba haka ba dilansa na wannan ɓangaren zai iya riga shi. Kuma in kilishi ko albasa kake yi ka kula, OAPI ta riga ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunan yankinsu ke da kariya, don haka ba kowa ne zai buga waɗannan sunaye a kwali ya shiga da su kasuwannin can ba sai kayan sun fito daga inda aka ce kuma sun cika sharuɗɗan da masu sana'ar suka gindaya.